A GINDIN DOGON YARO: Me Mutane Za Su Ce?

  Maƙwabtanmu Musulmi masu leƙa wannan fili kowane wata, ku ma ku gyara zama, don zancen yau ya shafi gidan kowa.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ya tare ni a bakin majami'a, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, shawara nake nema." Aurensa ya matso, kuɗin da ya tara sun isa sadaki da ɗan abin da za a ci, amma dangi sun ce ba za a yi bikin ɗan gidansu a tsaitsaye kamar na maraya ba. Sai an yanka sa, sai an ɗauko makaɗa, sai an yi anko. Hanyar da ta rage masa ita ce ya sayar da gonar da mahaifinsa ya bar masa. Na ce, "Ɗana, kai kana so ka sayar?" Ya ce a'a. Na ce, "Yarinyar fa?" Ya ce ita ma ba ta so. Na ce, "To wa ke so?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in ban yi ba, me mutane za su ce?"

Tun ran nan wannan tambaya ke yi mini yawo a kai. Mu Hausawa mun san ta tun muna goye. Ita ke sa mai gida cin bashi da ruwa don a ce ya isa, ita ke kulle bakin dattijo a wurin da ya kamata ya yi magana, ita ke sa uwa ta ɓoye ciwon ɗiyarta har lokacin zuwa likita ya wuce. Ba ta da sanda ba ta da bindiga, amma mazajen da ta kayar sun fi waɗanda yaƙi ya kayar yawa.

Littafin Karin Magana, sura 29 aya 25, ya kwatanta tsoron mutum da tarko, ya kuma nuna cewa mafaka tana wurin dogara ga Ubangiji. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san yadda muke ɗana wa tsuntsaye tarko da gashin wutsiyar doki. A yi zarge, a binne shi cikin rairayi, a barbaɗa gero a kai. Kurciya ba ta ganin zarge, gero take gani. Haka shi ma wannan tarko yake. Geron da ake barbaɗa mana shi ne yabo, da "ranka ya daɗe", da kujerar gaba a wurin taro. Sai ka sa ƙafa tukuna za ka gane ashe ba kai ke da kanka ba, duk inda bakin mutane ya ja ka nan za ka bi.

Kada wani ya ce ina zagin kunya. Kunya ado ce, kuma magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Yaron da ke cire takalmi gaban surukinsa, da matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba su yi laifin komai ba. Kunyar kirki tana hana ka aikata mugunta. Wadda nake magana a kanta ita ce mai hana ka aikata gaskiya, kuma sunanta na ainihi tsoro, sai dai ta ari rigar kunya ta sa don kada a gane ta.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana manyan da suka faɗa wannan tarko ba. Dubi sarki Saul a 1 Sama'ila sura 15. An ba shi umarni sarai, amma ya bar sojojinsa suka keɓe tumaki da shanu masu ƙiba, da annabi Sama'ila ya tsare shi kuwa, sai ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ne ya sa ya bi maganarsu. Abin mamaki, ko bayan an gaya masa sarauta ta kuɓuce masa, roƙon da ya yi shi ne a girmama shi a gaban dattawa. Gida na cin wuta, shi yana gyaran rawani. Dubi Bilatus. Ya bincika, ya ce bai sami Yesu da laifi ba, amma da taro ya yi masa barazana da sunan Kaisar, sai ya wanke hannu ya miƙa marar laifi don ya tsira da kujerarsa. Kujerar kuwa ba ta daɗe ba, don a wajen shekara ta 36 Samariyawa suka kai ƙararsa, aka tuɓe shi aka tura shi Roma. Har manzo Bitrus ma, bayan duk abin da ya gani, a Antakiya ya daina cin abinci tare da ƴan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba, saboda wasu baƙi sun zo daga Urushalima, har Barnaba ya bi sahunsa, sai da Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta ba da labari.

Amma ni waɗanda suka fi tsaya mini a rai wasu mata biyu ne, ungozoma, a farkon littafin Fitowa. Fir'auna da kansa ya kira su ya ce duk ɗa namijin da Ibraniyawa suka haifa su kashe shi. Ku duba fa, wannan sarki ne wanda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a sare kan mutum, su kuwa mata ne na kabilar bayi, ba dangi mai ƙarfi, ba soja. Suka fita daga fada, suka ci gaba da karɓar haihuwa, suka bar yaran da rai, kuma dalili ɗaya aka ba mu, wato sun ji tsoron Allah. Ba a ce gabansu bai faɗi ba. Na tabbata ya faɗi. Sai dai sun ɗora Fir'auna a ma'auni ɗaya da Allah, suka ga wanda ya fi nauyi. Yau ga sunayensu nan a rubuce, Shifra da Fuwa, shi kuwa sarkin ko sunansa littafin bai ambata ba.

To, kada ku ce tsoho ya zauna a inuwa yana jifan mutane, bari in ba ku nawa labarin. Kun tuna shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar da suka lalata amfanin gona a 2004, yadda yunwa ta kama jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har mutane suka koma cin anza da ganyaye. A lokacin ni ne magatakardan bankin cimaka na garinmu. Wani babban mutum, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mai taimakon jama'a ne kuma kowa na jin nauyinsa, ya sa aka fitar masa da buhu 12 na gero da dare, ya ce aro ne, zai mayar da kaka. Da safe ya aiko a gaya mini in rubuta cewa ƙwari sun ɓata su. Na san ƙarya ne. Na riƙe alƙalami hannuna na rawa, ina tunanin shi ya biya wa ɗana kuɗin lakkwal, ina tunanin yadda za a ce na tona asirin babba, ni wane ne. Na rubuta, na sa hannu.

Bayan kwana kaɗan wata gwauruwa mai ƴaƴa huɗu ta zo da ƙwaryarta neman tiya biyu, na ce mata hatsi ya ƙare. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "To malam, Allah ya ba mu mafita," ta kifa ƙwaryar a kanta ta tafi. Jama'a, na yi wata uku ina jagorar addu'a a majami'a, bakina na motsi, zuciyata a bushe kamar ƙasar bazara. Ba wanda ya zarge ni. Mutuncina a idon mutane bai ragu da ko ƙwayar gero ba, amma barci ya ƙi ni. A ƙarshe na tashi a taron kwamiti na faɗi abin da na yi, na fara da laifin kaina kafin na kowa. Mutumin ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwata ba, wasu suka ce na yi butulci, aka cire ni daga aikin. Daga baya ya biya kuɗin wani sashe na hatsin. Na je na nemi gafarar matar nan, ta yafe mini, amma yunwar da ƴaƴanta suka kwana da ita ba ta mayuwa. Abin da na koya shi ne, duk lokacin da ka ji tsoron mai ƙarfi, akwai wani marar ƙarfi da zai biya kuɗin tsoronka.

Na san akwai tsoron da ya wuce na surutu, kuma mu Kirista na Nijar ba labari aka ba mu ba. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar da aka yi saboda zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta juye kan majami'u. Mutum 10 suka rasa rayukansu, hukuma ta ƙirga majami'a 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai, a Damagaram kuwa iyalai da yawa sai a barikin soja suka fake. Amma ku tuna abin da ya biyo baya. Shugabannin ikilisiya suka yi kira a yafe, kada a rama, jama'a kuma suka koma sujada a ƙarƙashin rumfa, kusa da bangon da hayaƙi ya baƙanta. Ku tuna kuma da maƙwabta Musulmi waɗanda suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kirista, alhali taro na wucewa a titi. Su ma an tambaye su a zuci me mutane za su ce, suka zaɓi tsoron Allah. Ba za mu manta da alherinsu ba.

Ga abin da ke ɗaure mini kai. Mutumin da ya tsaya cikin toka ya yi waƙar yabo bai girgiza ba, shi ne za ka ga ya kasa ce wa ƙanwar babansa a'a a kan zancen anko. Mun iya babban gwaji, ƙaramin ne ke kayar da mu, domin babban yakan zo da ƙara, mu farka mu kama addu'a, shi kuwa ƙaramin yakan zo da murmushi da sallama, a cikin harshen dangi.

Sai dai a yi hattara, don wasu sukan fake da "ni Allah kaɗai nake tsoro" su yi ta rashin kunya da taurin kai, su zagi manya, su raina shawara. Wannan girman kai ne. Mai tsoron Allah na gaske ya fi kowa ladabi, domin ba ya neman komai a hannunka, ba ya kuma gudun komai daga wurinka, saboda haka yana iya gaya maka gaskiya da murya mai taushi, gobe kuma ya zo gaishe ka in ba ka da lafiya. Kuma dogara ga Allah ba ta hana dabara. Bulus da kansa a cikin kwando aka zurara shi ta bangon Dimashƙu da dare don ya tsira. Gudun haɗari hikima ce, sayar da gaskiya don a so ka shi ne tarkon.

In kuwa kana karanta wannan kana cewa ni dai matsoraci ne, haka aka halicce ni, to ka dubi Nikodimu. Da dare ya fara zuwa wurin Yesu, shi babban malami. Daga baya, a cikin majalisa, ya yi ƙarfin halin tambaya guda ɗaya a kan yanke wa mutum hukunci ba a saurare shi ba, suka yi masa ba'a. Amma ranar da aka gicciye Yesu, lokacin da yawancin almajirai suka watse, shi ne ya fito tare da Yusufu mutumin Arimatiya, ɗauke da kayan ƙanshi fiye da kilo 30 don jana'iza. Ƙarfin hali yakan tsiro ne kamar gero, kaɗan-kaɗan, in ana ba shi ruwa. Ruwansa kuwa shi ne ka riƙa tsayawa gaban Allah da asuba kafin ka tsaya gaban mutane da hantsi. Wanda ya san Almasihu ya riga ya karɓe shi da dukan aibinsa, ba ya bukatar yawon neman karɓuwa ƙofa-ƙofa.

Saurayin nan kuwa, ga abin da na gaya masa. Na ce, "Ɗana, ka je wurin baffanninka da iyayenka mata, ka durƙusa, ka gode musu, ka ce gonar babanka ba ta sayarwa ba ce, za ka yi biki daidai ƙarfinka. Za su yi magana, ka bar su su yi. Surutun biki kwana bakwai ne, sai wani bikin ya zo a manta da naka. Amma in damina ta faɗi ba ka da inda za ka kafa hauya, cikin masu rawar nan ba wanda zai auno maka tiya ɗaya." Na kuma yi masa alkawari zan raka shi, don bai kamata mu tsofaffi mu tura yara gaba mu tsaya a baya muna kallo ba. Ku sa mu a addu'a.

Kai ma mai karatu, ka bincika inda ka sa hannu a kan abin da zuciyarka ta ƙi. In akwai gyara, ka fara tun yau. Allah ya ba mu tsoronsa, ya raba mu da tsoron abin da ya halitta. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.