Kafin Ka Sayi Tsohuwar Jita, Sa Wayarka Ta Faɗa Maka Shekarunta

Duk ɗan Dawakin Tofa ya san a kasuwar Dawanau ba a biyan kuɗin buhu sai an soke shi an ga ƙwayar. Amma matashin da ya shekara yana tara kuɗi don buɗe ɗan situdiyo, ko wanda kiɗan Bombino da Mdou Moctar ya ja shi, sai ya shiga Sabon Gari a miƙo masa jitar lantarki ta gwanjo a ce "asalin 'yar Amurka ce", ya zaro kuɗi ya biya. Haba ɗan'uwa, ga waya a hannunka?

Ra'ayina shi ne, tsohon kwafin Japan mai ɗauke da sunansa ya fi jabu mai sunan Gibson nesa ba kusa ba. A shekarun 1970 kamfanoni irin su Greco da Tokai da Ibanez sun riƙa kwaikwayon Les Paul da Stratocaster, har a 1977 masu Gibson suka maka dillalin Ibanez na Amurka a kotu kan siffar kan jitar. Aikin ya yi kyau har a 1982 Fender ta ba masana'antar FujiGen, mai ƙera Greco, aikin yi mata jita a Japan. Yau masu tara kayan kiɗa neman waɗannan suke ido rufe.

To ya za ka gane shekarar? Kunna fitilar waya, ka ɗauki hoton lambar da ke bayan kan jitar ko a farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da gangar jiki, sannan ka zuƙo hoton.

Greco: da yawansu daga 1975 harafi ne a gaba, sai lambobi. Harafin wata ne, A Janairu har L Disamba, lambobi biyu na biye kuma shekara. C78 na nufin Maris 1978.

Fender ko Squier ta Japan: idan lambar ta fara da JV, tsakanin 1982 da 1984 aka yi ta.

Gibson: daga 1977 zuwa 2005 lambobi takwas ne. Haɗa ta farko da ta biyar ka samu shekara, ukun tsakiya kuma ranar ce a cikin shekarar. 82345501 na nufin rana ta 234 a 1985.

Za ka ce ai mai jabu ma ya iya buga lamba. Gaskiya ne, shi ya sa shaida ɗaya ba ta isa. Nemi a kwance maka murfi ka ga ƙarfen da ke ƙarƙashin mamurɗin sauti. A 'yan Amurka sau da yawa za ka ga irin 1377812: 137 kamfanin CTS, 78 shekara, 12 mako. In lambar kai ta ce 1985 amma na ciki sabo fil, ko an canza shi ko ana yi maka rufa-rufa. Daga nan saka hoton a Google Lens, ka kwatanta da katalogin kamfanin na wannan shekarar.

In mai kaya ya hana ka ɗaukar hoto, riƙe kuɗinka ka ƙara gaba. Tura wa abokinka mai shirin saye.