Mai dashen itace ma sai ya iya lissafi

Duk mai bin labarai a ƙasar nan ya saba da jin cewa an buɗe taron horo na kwana uku ko huɗu domin ma'aikatan ƙungiyoyin kare muhalli, a koya musu shugabanci da tafiyar da aiki. Yau a Yamai, gobe a Maraɗi, jibi a Damagaram ko Tawa. A ɗaura ƙyalle a ƙofar otel, a yi jawabi, a ci abinci, a raba takardar shaida da kuɗin zama, kowa ya kama gabansa. Mai rumfa a kasuwa in ta ji haka sai ta ce ina ruwan biri da gada. To, mu a ganinmu da ruwanta har da tsakinta. Wannan horo dole ne a yi shi, amma sai an canza masa kama, kuma ƴan kasuwa na cikin waɗanda ya kamata a saurara kafin a tsara shi.

Mu fara duba abin da ke shimfiɗe a kasuwanninmu. Itacen girki, gawayi, garin kuka, zogale, ƙaro, goruba, magarya, aduwa, kabar da ake saƙa tabarma da faifai, ƴaƴan gawo da masu kiwon rago ke saye, duka daga jikin itace suka fito. In daji ya ja da baya, amalanke zai ƙara nisa, kan itace zai ƙara kuɗi, kuma mai tuyar ƙosai da mai waina da mai tuwo su ne za su fara ji a ribarsu. Haka ledar da ke toshe magudanan ruwa: an yi dokar hana ta tun 2014, amma har yanzu tana nan rataye a kan ƙaya, dabbobi na ci suna mutuwa. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024, da yadda ruwa ya rusa gidaje a Maraɗi da Damagaram, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ke nan ƙungiyar da ta ce za ta kare muhalli, cikin tukunyarmu ta sa hannu. In ta iya aikinta mun ci riba, in ta kasa mu ne da asara.

Abin da ya daɗe yana kashe aikin muhalli a ƙasar nan ba rashin iri ba ne, rashin riƙo ne. Tun 1975 ake dashen itace ranar 3 ga Agusta. A 1984 an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, hukuma ta ɗauki alkawari. An dasa itatuwa ba adadi, amma nawa suka kai rani na biyu? Sau da yawa ba a faɗi wa zai ba su ruwa ba, ba a faɗi wa zai kare su daga awaki ba, ba a faɗi na wa ne ba in sun girma. Abin da ba shi da mai shi kuwa, ai na akuya ne.

Sai ga shi gyara mafi girma ya zo ta wata hanya dabam. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya ga yawancin dashen da yake yi na mutuwa. Sai ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, tohonsu kawai ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona. Daga nan aka fara abin da muke kira sassabin zamani: manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya kula da shi har ya zama itace. Manoma suka koya wa juna, gona zuwa gona. Da dokar gandun daji ta 2004 ta zo, tsoron tarar da ke sa manomi gudun barin itace a gonarsa ya ƙara raguwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin Agiye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka shimfiɗa dokokinsu da kansu. Ga shugabanci nan a fili: a saurari mutane, a raba aiki, kowa ya san haƙƙinsa da abin da ke kansa.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda masu sayar da itace suka fi kowa sani. A 1992 hukuma ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, su kula da dajinsu, su sayar wa masu motoci, wani kaso na haraji ya tsaya a ƙauye. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, na cikin wuraren da aka gwada irin wannan tsari. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma inda kwamiti ya daina kiran taro, littafin kuɗi ya ɓace, mutum ɗaya ya zama shi ne shugaba shi ne ma'aji shi ne magatakarda, sai kasuwa ta mutu, sara ba ƙa'ida ya dawo. Gatari bai canza ba, daji bai canza ba, riƙon amana ne ya sukurkuce.

Saboda haka muke cewa horon da ma'aikatan ƙungiyoyin nan ke bukata shi ne wanda kowane ɗan kasuwa ke ba yaron shagonsa. Alhaji ba ya miƙa wa yaro makullin kanti don ya zauna kwana uku ya saurari jawabi. Sai ya gan shi shekara da shekaru yana awo, yana ba da canji daidai, yana rubuta bashi, yana bambanta uwar kuɗi da riba, yana haƙuri da mai ciniki. Sannan a sallame shi da jari. Shugaban ƙungiyar da za a damƙa wa miliyoyin sefa da sunan talakawa bai kamata a yi masa sauƙin da ba a yi wa yaron kanti ba.

Farkon abin koyo shi ne lissafi a bainar jama'a. A nan ba sai an ɗauko malami daga Faransa ba, malaman na nan cikinmu. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, aka ɗora shi a kan adashin da iyayenmu mata suka gada. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba nata, a ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji, a ba da rance, a biya, in lokaci ya yi a raba. A irin wannan asusu akan sa wa akwati kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin kuma a ɗakin wata dabam. Da yawansu ba su shiga lakwal ba, amma tsarinsu ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da wajenta. Me zai hana a kawo shugabar irin wannan asusu ta tsaya gaban masu digiri ta nuna musu yadda ake hana zargi shiga tsakanin mutane? In ƙungiya ta karɓi kuɗin haƙa gurabun tara ruwa a fako, ta tara mutanen gari ta faɗa musu da Hausa: ga abin da ya shigo, ga na leburori, ga na man mota, ga abin da ya rage.

Abu na biyu shi ne iya zama da mutane. Ma'aikacin da ya sauko daga kat-kat da takarda a hannu, ya riga ya yanke abin da za a yi tun daga biro, ba zai ji cewa filin da yake so ya killace burtalin shanu ne ba, sai ranar da rigima ta tashi. Ya koyi gaida mai gari, ya koyi zama da makiyaya, ya koyi kiran mata a lokacin da suka gama aikin gida, ya koyi yin shiru har tsohuwa ta gama maganarta. Ita ce ta san itacen da ke hayaƙi da wanda ke ci da kyau, ita ta san wanda ganyensa ke shiga miya.

Abu na uku shi ne tanadin magaji. Ƙungiyoyi da yawa a jakar mutum ɗaya suke: hatimi na wurinsa, lambar asusun banki na wurinsa, shi kaɗai ya san masu ba da tallafi. Ran da ya samu aiki a Yamai ko ya kwanta ciwo, ƙungiya ta kwanta tare da shi. Shugaba na gari shi ne wanda in ya yi tafiyar wata uku aiki ba zai tsaya ba. A horar da mataimaki, a horar da ma'aji, a horar da ƴan matan da ke shiga ƙauyuka, kada kullum fuska ɗaya ce ke zuwa kowane taro tana karɓar kuɗin zama.

Wani zai ce kuɗin horo gara a sayi iri da shi. Muna ganin wannan tsimin banza ne, kamar wanda ya cika shago da kaya ya ƙi sayen kwaɗo. Wani kuma zai ce ƙananan ƙungiyoyinmu ba su da albashi, matasa ne ke aikin sa kai, bai kamata a matsa musu ba. Gaskiya ne akwai masu aiki tsakani da Allah, cikin rana da ƙura, kuma mun yaba musu. Amma su ne horo na gari zai fi amfana, domin littafin kuɗi mai tsabta shi ke raba mai gaskiya da mai ci da sunan talaka. Laifin masu ba da tallafi shi ne son abin da ake ƙirgawa da sauri: mutum nawa suka zauna, hoto nawa aka ɗauka. Mu kuwa awon da muka yarda da shi ɗaya ne, a dawo bayan shekara biyu a ƙirga itatuwan da ke tsaye, a buɗe littafi a gani.

Lokaci ma ya canza. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ayyuka da dama suka tsaya a ƙasashen Afirka. Kuɗin waje ba gado ba ne. Ƙungiyar da ke son ta rayu dole wata rana ta zo gaban alhazai da hajiyoyin kasuwa ta nemi gudummawa, kuma kun san ɗan kasuwa ba ya zuba jika ɗaya inda ba a yi masa lissafin dala ba.

Don haka, iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, in wata ƙungiya ta zo da maganar tsabtace kasuwa, ko murhu mai tsimin itace, ko dashe a bakin hanya, ku karɓe ta hannu biyu, sannan ku tambaya. Nawa aka ba ku? Wa ke riƙe da kuɗin? Wa zai kula da aikin in kun tafi? Yaushe za ku dawo ku yi mana bayani? Ku nemi a sa wakiliyarku cikin kwamiti, mai bakin magana, ba ta cika kujera ba. Masu shirya horo kuma su fito daga otel su yi kwana ɗaya a rumfar kasuwa, kwana ɗaya a gonar manomi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.