Gawo Da Shamuwa Suna Wa'azi, Mu Kuwa Muna Sauri

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san yadda Ƙofar Durbi take da safe. Babura da Keke Napep sun cika titi, ma'aikata suna hanzari, 'yan makaranta suna tsallakawa, kowa idonsa a kan hanya ko a kan waya. Mu ma 'yan ikkilisiya muna cikin ayarin nan tun daga Litinin har Asabar. Ran Lahadi mu shiga sujada mu shaida cewa Allah ne Mahalicci, alhali kwana shida ba mu ɗaga kai mun dubi abin da ya halitta ba. 'Yan'uwa, wannan hasara ce, ya kamata mu gyara.

Ƙofar nan tana duban gabas, wajen Mani da Daura. Wanda ya fita ta nan ya kai gonaki zai tarar da gawo. Da damina, sa'ad da itatuwa suka yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa, ya bar wa gero da dawa hasken rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani kuwa, sa'ad da ƙasa ta bushe, sai ya toho ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da awaki da shanu. Haka kuma shamuwa. Takan yi watannin raninmu can wajen kudancin Afirka, amma da bazara sai ga ta a bisa itatuwanmu tana sheƙa, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi. Wa ya koya musu wannan tsari? Wanda ya shirya musu lokacinsu, ai bai manta da namu ba.

Wani zai ce, ina lokacin kallon tsuntsu ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta? Sai mu tuna, a Matiyu sura 6, mutanen da Yesu ya nuna wa tsuntsaye da furanni masu damuwar ci da sutura ne kamarmu. Don damuwar ce ma ya ce su duba. Mutumin da kullum lissafin aljihunsa kaɗai yake gani, a hankali zai ɗauka shi ke riƙe da ransa, daga nan godiya ta ƙare, addu'a ta koma ƙorafi.

Akwai kuma masu wani tsoro dabam. Da yawa cikinmu kakanninmu sun fito daga Maguzanci, sun san yanka a gindin tsamiya ko kuka, don haka suna gudun kada kula da itace ya zama komawa tsafi. Mun fahimci wannan. Amma mai tsafi tsoron abin da ke cikin itacen yake yi, mai bi kuwa godiya yake yi wa wanda ya yi itacen. In ka ga riga ta yi kyau, ai maɗinki kake yaba wa.

Abin da ba mu kula da shi ba, ba ma jin zafin sare shi. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, duk da haka gatari bai huta ba, itatuwa suna ta tafiya a itacen girki da gawayi.

Saboda haka muna roƙon fastocinmu, da zumuntar mata, da malaman makarantar Lahadi, su koya wa yara sunayen itatuwa da tsuntsayen ƙasarmu. Kowace ikkilisiya ta dasa bedi a harabarta da damina, ta sa mai ba shi ruwa da rani. Kowannenmu kuma ya ware ko minti 5 da safe, ya ajiye waya, ya dubi sama, ya yi godiya kafin ya shiga hanya.

Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.