BA TSUFA NE LAIFINSU BA

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya tsaya mini a wuya tun zangon karatun da ya wuce. Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da makaɗan Ingila. Amsata ita ce, wanda duk ya zaɓi nazarin waƙa ya zama aikinsa, to, ba shi da ikon cewa ba ruwansa da waƙar wata ƙasa, balle kuma idan a kanta ne abokan karatunsa suka yanke hukuncin da ya karkace.

Ga yadda abin ya faru. Ran nan da daddare muna zaune a ɗakin hutawa na ɗalibai, sai aka nuno wasu tsofaffin Turawa a talabijin suna kiɗa a gaban dubban mutane. Jagoransu, wani siririn dattijo mai fuska duk tamoji, yana kai gwauro yana kai mari a kan dandamali, yana tsalle kamar ɗan shekara ashirin. Nan take ɗaki ya kwashe da dariya. Wannan ya ce tsohon najadu, wancan ya ce a kai shi gida ya yi wasa da jikokinsa. Wani ɗan ajinmu da ake ji da shi wajen muhawara ya rufe zancen da cewa abin kunya ne mutum ya haura tamanin yana wannan rawar kai. Na buɗe baki zan yi magana aka shashantar da ni. To, abin da aka hana ni faɗa da baki, ga shi na kawo da alƙalami.

Waɗannan tsofaffi su ne ƙungiyar makaɗan nan da ake kira The Rolling Stones, siririn dattijon kuwa shi ne Mick Jagger. Shi da abokinsa makaɗin jita Keith Richards duka a 1943 aka haife su. Sun san juna tun suna yara a garin Dartford, suka rabu, sa'an nan suka sake gamuwa a tashar jirgin ƙasa ta garin a 1961, Jagger yana riƙe da faya-fayan mawaƙan baƙar fata na Amurka. Waɗannan faya-fayan su suka ƙulla abotar. Ranar 12 ga Yuli, 1962, suka yi wasansu na farko a gidan rawa na Marquee a Landan. Shekara sittin da ɗaya bayan haka, watau a 2023, suka fitar da sabon faifai mai suna Hackney Diamonds, wanda ya ci lambar yabo ta Grammy a 2025. A 2024 kuwa sun yi rangadin manyan filayen wasa na Amurka, kuma ƙungiyar da ta ɗauki nauyin rangadin ita ce AARP, wadda ke kula da al'amuran 'yan fansho da masu manyan shekaru. Ashe su ma sun san sun tsufa, ba sa bukatar ɗalibai su tuna musu.

Tambayata ta farko ga masu dariya ita ce, ina kuka samo wannan ra'ayi na cewa kiɗa na yara ne? Ba a gidajenmu kuka same shi ba. Alhaji Mamman Shata ya yi waƙa har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1999, ban taɓa jin ɗalibi ko malami ya ce ya kamata a ce ya sallami makaɗansa tun yana ɗan arba'in ba. Mu da muke cewa da tsohuwar zuma ake magani, yaushe muka fara auna mawaƙi da furfurarsa? Wannan ra'ayi na Turawan shekarun 1960 ne, lokacin da kamfanonin faifai suka gane cewa samari da 'yan mata sun fara riƙe kuɗi, suka mai da ƙuruciya haja. Shi kansa Jagger ya sha wannan guba, domin a 1975 ya taɓa cewa ya gwammace ya mutu da ya kai shekara arba'in da biyar yana rera waƙarsu Satisfaction. Ga shi ya kusa ninka shekarun yana rera ta. Saboda haka mai yi masa dariya, ko ya sani ko bai sani ba, yana maimaita wautar da shi Jagger ɗin ya yi ne yana saurayi, wadda rayuwa ta ƙaryata masa.

Bugu da ƙari, iyayen gidansu a wannan sana'a ba su san wani abu wai shi ritaya ba. Muddy Waters, wanda daga waƙarsa ta 1950 ƙungiyar ta ciro sunanta, ya yi ta kiɗa har dab da rasuwarsa a 1983. B.B. King bai sauka daga dandamali ba sai a 2014, ya rasu a 2015 yana da shekara 89. Ba wanda ya kira su tsofaffin banza. Ashe in almajiri ya bi sawun malaminsa har wajen tsufa a bakin aiki, ina abin kunya?

Tambayata ta biyu, kun san wuyar zaman tare kuwa? The Beatles, waɗanda suka fi su suna a lokacin, sun watse a 1970, bayan kimanin shekara goma. Led Zeppelin sun naɗe tabarmarsu a 1980 da makaɗin gangarsu ya mutu. Su kuwa waɗannan, ba irin masifar da ba su gani ba. A 1967 an kama Jagger da Richards kan miyagun ƙwayoyi, har aka yanke musu ɗauri kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta. A Yulin 1969 Brian Jones, wanda shi ya tara su tun farko, ya nutse a tafkin wanka na gidansa yana da shekara 27, ba a fi wata guda da raba shi da ƙungiyar ba. A Disambar wannan shekara, a wasansu na Altamont a Kalifoniya, ɗaya daga cikin 'yan daban babur da aka ɗauka gadi ya daɓa wa wani saurayi baƙar fata wuƙa har lahira, suna tsakar kiɗa. A tsakiyar shekarun 1980 Jagger da Richards suka ɓata, suna jifan juna da baƙaƙen maganganu a jaridu, ƙungiyar ta shekara bakwai ba rangadi, sai a 1989 suka shirya. A 2019 aka yi wa Jagger aikin zuciya, bayan 'yan watanni ya koma dandamali. A 2021 Charlie Watts, wanda ya riƙe musu ganga tun 1963, ya rasu yana da shekara 80. Mu da ƙungiyoyinmu na ɗalibai kan dare gida biyu a kan kuɗin walimar ƙarshen shekara, anya muna da bakin yi wa zaman shekara sittin dariya?

Kada mai karatu ya zaci na zo wanke su ne. Ko kusa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Mutanen nan suna da shari'ar da ya kamata a yi musu, amma shari'ar bashi ce.

Kiɗan da suka gina arzikinsu a kansa na jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. A gonakin auduga na Misisifi ya tsiro, ya bi masu ƙaura zuwa Shikago, ya haɗu da jita mai lantarki. Sunansa bulus, kuma na rantse ban taɓa ganin sunan da ya dace da bakin Bahaushe kamar wannan ba, domin kuwa an ci bulus a kansa. Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da alherinsu. Ba su taɓa ɓoye inda suka koyo ba. A 1964 sun je har Shikago suka ɗauki waƙoƙi a ɗakin kamfanin Chess, inda malamansu suke ɗauka. A ƙarshen shekarar suka kai waƙar Willie Dixon, Little Red Rooster, matsayi na ɗaya a Ingila. A 1965 da aka gayyace su wani shirin talabijin na samari a Amurka, suka nace sai an sa Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa suna kallonsa yana waƙa. Yaran Turawan Amurka da yawa ta bakin 'yan Ingila suka fara jin sunayen mawaƙan ƙasarsu. Wannan duk gaskiya ne.

Amma girmamawa daban, biyan haƙƙi daban. Ga misalai uku.

Na ɗaya. A 1965 suka fitar da The Last Time, aka rubuta Jagger da Richards a matsayin masu ita, alhali amshinta daga wata tsohuwar waƙar coci ta baƙar fata aka ɗauko shi, wadda iyalin nan mawaƙa The Staple Singers suka sa a faifai kimanin shekara goma kafin nan. Richards da kansa ya amsa haka daga baya. Hujjar da aka kafa ita ce waƙar gargajiya ce, ba ta da mai ita. To, madalla. Amma a 1997 da wasu samarin Ingila, The Verve, suka gutsuri wani yanki na kiɗan da aka yi a kan wannan waƙa suka sa a tasu, sai kamfanin tsohon manajan Stones, Allen Klein, ya yi caraf ya karɓe kuɗin waƙar, aka kuma liƙa mata sunayen Jagger da Richards. Sai a 2019, bayan shekara ashirin da biyu, su biyun suka sakar wa mai waƙar rabonsu. Watau abin da aka tsinta a coci an ce na kowa ne, da ya shiga hannun masu lauya sai ya zama na mutum biyu.

Na biyu. Waƙar Love in Vain ta Robert Johnson ce, wanda ya mutu matalauci a 1938 yana da shekara 27. Da ta fito a faifansu Let It Bleed a 1969, wani suna daban aka rubuta a jikinta, kuma aka ɗauke ta a matsayin wadda ba ta da magaji. Sai da aka kai 2000 kafin wata kotu a Amurka ta rushe wannan da'awa.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Brown Sugar, wadda ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1971, waƙa ce da ta ɗauki jirgin bayi da bulala da wulaƙancin da aka yi wa kuyangi baƙaƙe ta mai da su abin rawa da nishaɗi. Shekara hamsin suna rera ta, jama'a na tafi, sai a 2021 suka cire ta daga jerin waƙoƙin rangadinsu. Da a kan wannan ɗan ajinmu ya ce abin kunya, da na miƙe na ba shi hannu.

Daɗin daɗawa, ya kamata mu fahimci abin da ya riƙe su tsawon wannan lokaci, don ba tawaye ba ne kamar yadda masoyansu ke riyawa. Shigar 'yan tawayen ma manajansu, Andrew Oldham, shi ya ɗinka musu ita don a bambanta su da The Beatles, har ya fitar da makaɗin piyano Ian Stewart daga sahun gaba a 1963 saboda wai fasalinsa bai dace ba. Abin da ya riƙe su lissafi ne. Jagger ɗalibin Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ne kafin ya bar karatu. Su ma an cuce su, domin mallakar waƙoƙin da suka yi kafin 1971 a hannun kamfanin Klein ta maƙale. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga nan suka kafa kamfanin faifai nasu, suka ɗauki masanin harkar banki ya riƙe musu littafi, suka ƙaura zuwa Faransa a 1971 don gudun haraji. Rangadinsu na 2005 zuwa 2007 ya tara fiye da dala miliyan 550. Shi kuwa ɗan tawayen da aka kama a 1967, fadar Ingila ta naɗa shi Sir a 2003. Wane ne cikin malamansu na Shikago ya taɓa ganin kwatankwacin wannan? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da nake so mu ɗauka. Idan aka ajiye mana mawaƙi a gaba, ko na Landan ne ko na Katsina, shekarunsa ba sa cikin abin da za mu tambaya. Mu tambayi wa ya ƙagi waƙar, sunan wa aka rubuta a jikinta, aljihun wa kuɗinta ke shiga, kuma me take faɗa a kan mutanen da aka aro ta daga gare su. Waɗannan tambayoyi suna jiranmu a gida ma, mu da muke cika kundayen digiri da baitocin mawaƙan baka, muna sauraren waƙoƙinsu a kaset da waya, ba tare da mun taɓa tambayar ko sisin kwabo ya kai ga iyalansu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi kuwa ɗan ajinmu, ina gayyatarsa ya kawo amsarsa a fitowa ta gaba. Sharaɗina ɗaya ne, ya zo da hujja, ya bar dariya a ɗakin hutawa. Tsofaffin nan kuma, in ƙafa ta yarda, su yi ta tsallensu. Bashin ne dai ba mu yafe ba.

Wassalam.