Filin Sana'a da Tattali: Ƙwaƙwalwar Na'urar Sanyi da Haɗarin «A Yi Direk»

Da zarar watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, babu sana'ar da kasuwarta ke ci kamar ta masu aikin sanyi. Bankuna, otel-otel, manyan kantuna, shagunan magani da ofisoshin gwamnati, kowa neman wanda zai duba masa na'ura yake yi. A manyan gine-gine, ba ƙaramin kilimatizar na jikin bango ake dogara da shi ba. Akwai babbar na'ura guda, wadda ma'aikata ke kira santaral, mai jawo iska ta tace ƙurar da ke ciki, ta sanyaya ta, sa'an nan fanka ta tura ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki.

A da, maɓalli ɗaya ke tada wannan na'ura, shi ke kashe ta. Yanzu kuwa ƙwaƙwalwa ake haɗa mata: wani ɗan allo da masu gyara ke kira kart, da ma'aunan zafi da ake kafawa cikin bututu, da wani akwati mai suna bariyatar wanda ke ƙara gudun fanka ko ya rage shi gwargwadon bukata. Amfanin abin ba ƙarami ba ne ga aljihu. In aka rage gudun fanka da kashi 20 cikin 100, kuran ɗin da take ci yana raguwa da kusan rabi. Duk mai biyan takardar NIGELEC a ƙarshen wata ya san ma'anar wannan lissafi.

Sai dai ƙwaƙwalwar nan ita ce mafi rauni a jikin na'urar, kuma wurin haɗa ta ne ake yin gangancin da ke cinye dukiya, wani lokaci har da rai. Idan abin ya faru, sai a ce tsautsayi. Alhali kuwa sau da yawa tun ranar da aka ɗaura wayoyi aka shuka masifar.

Kuran ɗin da ake da shi

Waɗannan na'urori an ƙera su ne a Turai da Asiya, don wuraren da kuran ke zuwa daidai, bolt 230 a layi ɗaya, bolt 400 tsakanin layuka uku da ake kira faz. A Nijar lamarin ya sha bamban. An ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani kuma daga Katsina ya bi ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma nisan tafiya da yawan masu ja a lokacin bazara suna sa ƙarfin kuran ya riƙa hawa da sauka. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta tsinke wutar baki ɗaya, ba ta dawo ba sai a farkon 2024. A wannan tsakanin ƴan kasuwa da dama suka koma ga gurup da faifan rana. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta soma aiki a 2023, sun kawo sauƙi, amma gini ɗaya yakan sha daga rijiya biyu ko uku a wuni guda: NIGELEC da safe, gurup da rana, batir da dare.

Kowace sauyawa duka ce ga kart. Shi ya sa abin farko da ya kamata a gani cikin akwatin sarrafawa shi ne ɗan mai gadin faz, wanda ke tsayar da na'ura idan ƙarfin kuran ya yi sama, ko ya yi ƙasa, ko faz ɗaya ya ɓace. Yana kuma gane in an juya jerin faz. Wannan yakan faru ranar da aka haɗa sabon gurup: wayoyi biyu suka sauya wuri, sai duk injin da ke haɗe kai-tsaye ya riƙa juyawa da baya. Fanka mai juyawa da baya tana ba da ƴar iska, har a zaci lafiya lau, amma kwamparesar, wato injin da ke matsa iskar gas mai kawo sanyi, yana iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Haka nan in shuɗiyar waya da ake kira netir ta tsinke ko ta yi sako-sako, kayan da aka yi don bolt 230 suna iya samun kusan 400, su ƙone nan take. Dole ne kuma a saita jinkiri na aƙalla minti 3 kafin kwamparesar ya sake tashi bayan kuran ya dawo.

Kashe maɓalli bai isa ba

Mafi yawan waɗanda ke shiga haɗari ba manyan masu gyara ba ne, yaransu ne, waɗanda ake tura wa su hau su ɗaure waya. Na'urar tana bisa rufi ko a wani ɗaki na baya, babban maɓalli kuwa yana can ƙasa kusa da ƙofa. Yaro na riƙe da waya, mai gadi ko wani ma'aikaci ya ga zafi ya dame shi, ya ɗaga maɓalli. Da gurup mai tada kansa ma ba sai an sami mai ɗagawa ba.

Ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 18-510 ta tsara matakan da ake bi: a raba na'ura da duk inda kuran ke shigo mata, a sa kwaɗo a maɓalli, mai aikin ya riƙe makulli a aljihunsa, a rataya sanarwa, a tabbatar cewa layin da aka kashe shi ne na wurin aikin, sa'an nan a auna kowace waya da ma'aunin da aka yi don haka kafin hannu ya taɓa ta. Ɗan sukudireba mai fitila da ake sayarwa a bakin kasuwa ba ma'auni ba ne.

Bariyatar na da nasa makirci. A cikinsa akwai ma'ajiyar wuta da ke riƙe fiye da bolt 500 bayan an kashe komai. Masu ƙera shi suna rubuta lokacin jira a jikin murfi, galibi tsakanin minti 5 zuwa 15. Mai gaggawar da ya buɗe kafin lokacin ya yi, ya sa hannu ne a ramin da bai san abin da ke ciki ba.

Wayar ƙasa da mai yanke kuran

Kuran ɗin da ke iya kashe mutum ɗan kaɗan ne. Daga miliyampar 30 haɗari ke somawa ga numfashi da bugun zuciya, alhali tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan ninki tara na wannan. Na'urar santaral kuwa ƙarfe ce gaba ɗaya, bututunta na ratsa gini, ruwa na ɗiga daga cikinta. In waya ta goge ta taɓa jikinta, abu biyu ne ke tsakanin ma'aikaci da kabari: wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, da maɓallin nan mai yanke kuran da kansa idan ya soma zurarewa, wanda ake kira diferansiyel.

Ƙa'idar NF C 15-100, wadda masu aikin kuran na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka saba da ita, ta ce inda babban diferansiyel na gini yake na miliyampar 500, kada turjiyar sandar ƙasa ta wuce om 100. A nan ne yanayin Sahel ke da ta cewa. Ƙasa mai yashi, in ta bushe, ba ta karɓar kuran da sauƙi. Sandar da aka auna a watan Agusta aka ga ta yi kyau, tana iya zama ƙarfen banza a watan Maris. Don haka da rani ya kamata a auna, a rubuta adadin, in bai yi ba a ƙara sanduna ko a zurfafa.

Akwai wani abin lura. Bariyatar mai faz uku yana zurar da wani irin kuran da diferansiyel na gida ba ya ganewa sosai: ko ya riƙa faɗuwa ba dalili, ko ya makance ya ƙi faɗuwa ranar da ake bukata. Irin da ake kira B shi ya dace da shi, kuma ya fi tsada. To, a nan ne ake jin kalmar nan da ta zama ruwan dare a bakin masu gyara: «A yi direk.» Wato a tsallake mai tsaron da guntuwar waya, na'ura ta ci gaba da aiki, mai gida ya ji sanyi, ya yaba wa gwanin. Mai tsaro ya yi kuka ne domin ya ga wani abu. Wanda ya toshe masa baki bai kori ɓarawo ba, kare ya ɗaure.

Ƙura, zafi da tsawa

Kowane lokaci na shekara da irin gwajin da yake yi wa kart. Da hunturu ƙura ke shiga akwatin da ba ya rufuwa da kyau, ta kwanta bisa allon, in damina ta kawo laima ta zama hanyar kuran. Akwati mai alamar IP54 ko sama da haka ake nema, a kuma toshe duk ramin da waya ta shiga, domin ƙadangare da ɓera ma suna son ɗumin wurin. A wannan lokaci na bushewar iska ne mutum ke jin tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe kart ba tare da an ga alamar ƙuna ba, shi ya sa gwanin gaske ke ɗaura abin hannu mai haɗe da ƙasa, ba ya kuma fitar da kart daga ledarsa sai lokacin ɗaurawa.

Da bazara zafi ne. Yawancin bariyatar an yi su don su ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40 ko kusa da haka, bayan nan sai an rage musu kaya. Akwatin da aka kafa ƙarƙashin kwano ko a bangon da rana ke duka ya wuce wannan iyaka tun hantsi. Inuwa da mashigar iska mai matata yake bukata, nesa da inda ruwan na'ura ke ɗiga.

Da damina kuwa tsawa ce, wadda ba sai ta faɗo bisa gini ba. Ta layin kuran take aiko da ƙarfinta. Parafudur, wato mai karkatar da wannan ƙarfi zuwa ƙasa, shi ne maganinta, amma ba ya aiki in sandar ƙasa ba ta da kyau. Sauran abin kula shi ne ƙananan wayoyin ma'aunai, masu ɗaukar bolt 24 ko ƙasa da haka: ba a kwantar da su hanya ɗaya da manyan wayoyin inji, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta riƙa samun labarin ƙarya, tana kunnawa tana kashewa.

Gobara

Ƴan kasuwar Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba, wadda sai a 1987 aka buɗe sabon gininta. Sun san abin da wuta ke yi wa dukiyar shekaru a dare ɗaya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, na'urar da ke raba sanyi ɗaki-ɗaki haka take raba hayaƙi, tana kuma hura wutar. A Faransa, dokar gine-ginen da jama'a ke shiga ta wajabta sa ma'aunin hayaƙi a santaral mai tura iskar da ta wuce mita kubik 10.000 a awa, domin ya tsayar da fanka ya rufe bututu. Ya kamata wannan tsayarwa ta bi ta waya kai-tsaye, yadda ko kart ya rikice za ta yi aiki. A ajiye tukunyar kashe wuta mai iskar CO2 kusa da akwati, kada a watsa ruwa, a kuma rubuta lamba 18 ta ƴan kashe gobara inda kowa zai gani.

Wanda ya sa hannu

Ɗan kasuwa ko shugaban ofis ba sai ya iya ɗaura waya ba. Amma shi ke zaɓen mai aiki, shi ke biya. Idan takardun ƙiyasin kuɗi biyu suka zo, ɗaya ta fi ɗaya sauƙi ƙwarai, a duba abin da aka cire: galibi sandar ƙasa ce, da parafudur, da mai gadin faz, da diferansiyel na kirki, wato abubuwan da ba sa kawo sanyi, ba a kuma ganin amfaninsu sai ranar wuya. Araha ba ta ado.

Ga ma'aikacin gwamnati da ke cikin kwamitin karɓar aiki, nauyin ya fi haka, domin dukiyar jama'a ce da rayukan abokan aikinsa. Shiga ɗaki a ji sanyi, a sa hannu, a tafi cin abinci, ba karɓar aiki ba ne. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, a nemi zanen wayoyi, a ajiye kwafi cikin akwatin. A nemi adadin da aka auna na sandar ƙasa da ranar aunawa. A danna maɓallin gwajin diferansiyel a gaban kowa. A kashe NIGELEC a ga yadda na'ura za ta yi bisa gurup. A gwada ma'aunin hayaƙi a ga fanka ta tsaya. A karɓi lambar sirri ta ƙwaƙwalwar da littafinta, kada ofis ya zama bawan mai gyara guda. A kuma buɗe akwati a duba ko akwai wata guntuwar waya da ba ta cikin zane.

Duk wannan bai fi aikin awa biyu ba. Kart ɗin da ya ƙone kuwa sau da yawa sai an yi odarsa daga waje, a yi makonni ana jira cikin zafin Mayu, magani na lalacewa a kanti, ma'aikata na barin ofis tun azahar. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda kart ana sayen wani. Yaron da ya hau rufi da safe bai sauko da ƙafarsa ba, babu kasuwar da ake samo madadinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye.