Ramin Titi Daga Cikin Kwalta Yake Farawa

Duk mai bin hanyar Daura zuwa Baure ta Zango ya san ruwan watan Agusta ne ke tona asirin kwalta. Sai dai yawan ruwa kaɗai ba ya fasa titi. Ɓarnar takan fara ne daga ƙananan guraben iska da ake bari cikin kwalta ranar shimfiɗa ta.

Injiniyoyi kan tsara haɗin kwalta da tsakuwa da iska kusan kashi 4 cikin 100. Idan rola ba ta daddanne shi sosai tun yana da zafi ba, har iskar ta haura kashi 8, guraben sukan haɗe su zama hanyar ruwa. Ruwan ya raba kwalta da tsakuwa, ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da titin, tayoyin manyan motoci su ƙarasa aikin.

Manomin gero da ɗan kasuwar da ke ƙetarawa Nijar ne ke ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Don haka kafin gwamnati ta biya ɗan kwangila, ya kamata a huda titin, a ciro samfuri, a auna iskar da ke ciki. Sheƙin sabuwar kwalta ranar bikin buɗe hanya ba ya nuna ko za ta kai damina biyu.