Na'ura Mai Hira Da Zancen Mutanen Gobir

Cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, watau wani tsarin kwamfuta da aka koya wa Hausa da Yarabanci da Ibo. Da yake ana sa ran irin waɗannan na'urori za su shiga asibitoci da ofisoshin gona, ya kamata a bincika ko za su fahimci mutumin Sabon Birni ko na Isa, magajin Hausar tsohon birnin Alƙalawa, fadar Gobir da ta faɗi cikin 1808.

Sha'anin hira da na'ura ya daɗe. Cikin 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT a Amurka ya tsara ELIZA, wadda ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya, ba tare da ta gane kome ba. Na'urorin yanzu, irin ChatGPT da ta fito cikin 2022, sun wuce nan nesa. Ana cika su da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har su ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata.

To, a nan cikas na farko yake. Rubutacciyar Hausa kaɗan ce, kuma galibinta daidaitacciya ce, wadda aka gina bisa Kananci. Bagobiri kuwa “mi” yake cewa maimakon “me”, “biyat” maimakon “biyar”, “shi tahi” maimakon “ya tafi”. Na'urar da ba ta saba da wannan ba tana iya ɗaukarsa kuskure.

Cikas na biyu ya fi zurfi. Masanin falsafa Paul Grice ya bayyana cikin 1975 cewa mai sauraro yakan gano nufin mai magana ta hanyar auna abin da aka faɗa da halin da ake ciki. Bahaushe ya daɗe da sanin haka. Majinyaci ko yana cikin matsanancin ciwo, in an ce masa “Yaya jiki?” sai ya ce “Da sauƙi.” Malamin asibiti ya san gaisuwa ce, sai ya sake tambaya ta wata fuska. Haka nan uwa takan sakaya sunan ɗanta na fari saboda kunya. Na'urar da ta rubuta cewa majinyacin ya sami sauƙi ta jefa ransa cikin haɗari. Mai hankali ke gane furfurar farar tunkiya.

Har ila yau, akwai batun sadarwa. Cikin Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda ɓarnar 'yan bindiga. Na'urar da ta dogara ga intanet ba ta da amfani a irin wannan hali.

Saboda haka ya wajaba hukuma ta tallafa wa masana harshe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero su ɗauki ainihin hirar kasuwa da ta asibiti da Gobiranci, bisa yardar masu maganar. Kuma kafin a sa kowace na'ura aiki, a jarraba ta a gani ko takan sake tambaya in ta ji “da sauƙi”. Wadda ta kasa, bai kamata a bar majinyaci a hannunta ba.